Wane Faranti Ya Dace da Radar Auna Ruwan Sama a Jirgi?

Mai neman eriyar da zai ɗaura wa radar auna ruwan sama a jirgin sama yakan fara da tambayar girman farantin eriyar. Ni shawarata ya fara da tambayar yoyon sigina. Radar nan ƙasa take kallo, kuma amsar da doron ƙasa ko saman teku ke mayarwa ta fi ta yayyafi ƙarfi nesa ba kusa ba. In sigina na tsiyaya ta gefen faranti, sai ƙasa ta danne ruwan da ake son aunawa, musamman na dab da ƙasa, wanda shi ne ke shiga gona.

Mafi araha shi ne faranti mai ƙaho (bakin da ke fitar da sigina da karɓarta) a tsakiya, ƙafafu na riƙe da shi. Ƙirarsa ba wuya, amma ƙahon da ƙafafun suna tare hanya, su warwatsa sigina. A cikin jirgi, inda da ƙyar ake samun wurin rabin mita, inuwar ta yi yawa. Samfurin Cassegrain ma, wanda ƙaramin madubi ke mayar wa farantinsa sigina, madubin da ke gabansa inuwa ne. Gara a bar wa manyan eriyoyi.

Wanda na fi yarda da shi shi ne mai ƙaho a gefe, irin farantin DStv da hannunsa ke fitowa daga ƙasa, gabansa fayau. Shi NASA ta zaɓa wa radar APR-2, faɗinsa santimita 40, yana aiki a gigahaz 13.4 da 35.6. A 2006 jirgin DC-8 ya ɗauke ta daga tsibirin Sal na Kef Bad, yana bin hadarin da ke ratsa Sahel ya faɗa Tekun Atlantika. Farantin ba ya motsi. Wani shimfiɗaɗɗen madubi ne ke karkata sigina digiri 25 dama da hagu. Aibin faranti mai ƙaho a gefe, yana ɗan gauraya siginar tsaye da ta kwance, kuma da bambancinsu ake gane ƙanƙara mai narkewa.

Ka yi lissafin faɗin hasken sigina a digiri kafin ciniki: ninka tsawon igiyar sigina da 70, ka raba da faɗin faranti. Santimita 2.2, tsawon igiyar gigahaz 13.4, a farantin santimita 40 zai ba ka kusan digiri 4, wato daga tsayin kilomita 10 kana haska fili mai faɗin kusan mita 700. A gigahaz 35 kuwa igiyar ba ta kai santimita ɗaya ba, lotsawar rabin milimita ma tana ɓata aiki. In zangon biyu, gigahaz 13.4 da 35.6, za ka haɗa, dole su kalli ɗigon ruwa ɗaya, in ba haka ba kwatancinsu banza ne.

Akwai kuma shimfiɗaɗɗiyar eriya mai juya sigina da lantarki, irin ta TRMM, tauraron ɗan adam mai auna ruwan sama na 1997. Ba abin da ke motsi, sai dai tsada.

Ko wanne ka ɗauka, ka nemi awon da aka yi da gaske, ba zanen kwamfuta ba, kuma a auna da murfin eriyar a kanta, don murfin ma yana ƙara yoyo.