Sharhi kan bugun 2011 na kundin Wish You Were Here na Pink Floyd

Wannan bugu mai faifan CD biyu, wanda ake kira Experience Edition, ya fito ne a shekarar 2011, kuma abin da ya sa na saye shi waƙa ɗaya ce, wato Shine On You Crazy Diamond, wadda ta buɗe wannan kundi da Pink Floyd, ƙungiyar mawaƙan rock ta Ingila, ta fitar a 1975, kuma ta rufe shi. Sassa tara gare ta, an raba su gida biyu, tsawonta kusan minti 26.

Roger Waters, ɗaya daga cikin mawaƙan ƙungiyar, shi ne ya rubuta baitocinta a kan Syd Barrett, jagoran ƙungiyar na farko, wanda aka rabu da shi a 1968 bayan taɓin hankali da shan ƙwayar LSD sun hana shi aiki. Waƙar kuka ce ga wanda bai mutu ba amma ya ɓace wa mutanensa, don haka yabo da takaici suka cakuɗe a cikinta. A ranar 5 ga Yunin 1975, suna tsakiyar aikin kundin a ɗakin naɗar sauti na Abbey Road da ke Landan, sai ga wani mutum mai ƙiba ya shigo, ya aske gashin kansa har da gira, kuma an ɗauki lokaci kafin abokansa su gane cewa Barrett ne. Wanda ya san wannan labari ba zai ji amo huɗun nan da David Gilmour, makaɗin jitar ƙungiyar, ya kaɗa a cikin waƙar kamar yadda ya saba jin su ba.

Gyaran sautin faifai na farko ya yi kyau ba tare da an cika masa ƙara ba. Da na sa abin ji a kunne da dare, na iya bambance siririn amon da ke ƙarƙashin farkon waƙar, wanda aka samar ta hanyar goga jiƙaƙƙen yatsa a bakin kofunan gilashi, haka kuma a can ƙarshe na ji Richard Wright, makaɗin kibod na ƙungiyar, ya ɗan taɓo karin See Emily Play, tsohuwar waƙar Barrett, kafin sautin ya ɗauke.

Faifai na biyu ne, a ganina, ya biya kuɗin. Yana ɗauke da waƙar kamar yadda suka yi ta a gaban 'yan kallo a Wembley da ke Landan a 1974, tana haɗe wuri guda, ba ta gama nuna ba tukuna, ga shi kuma an saka ainihin naɗin kofunan shi kaɗai. Inda bugun ya gaza shi ne ɗan littafin da ke ciki, domin hotuna da baitoci sun cika shi, amma sabon mai sauraro ba zai fahimci wane ne Barrett daga gare shi ba, mutumin da ya koma garinsu Cambridge ya zauna shiru har rasuwarsa a 2006.