Sharhi: Na kalli iyakar Kamba a jikin bangon wani ɗakin taro

Ɗan ƙanwata ne ya matsa mini sai na je, domin ya san a Kamba, garin da ke kan iyakar Najeriya da Nijar, aka yanke cibiyata, kuma ya ji an ce ɗaya daga cikin faya-fayan da ake nunawa a can aka ɗauke shi. Wasu matasa masu ɗaukar hoto ne suka shirya nunin abin da suke kira fasahar bidiyo a wani ɗakin taro a Birnin Kebbi, kuma na biya naira dubu ɗaya na shiga da yammacin Asabar. Da na tambayi yaron da ke ƙofa ƙarfe nawa za a fara, sai ya ce: "Baba, ai ba ya farawa, ba ya ƙarewa, shiga kawai za ka yi." Gaskiyarsa ce. Babu jarumi, babu labari, babu jerin kujeru. Majigi uku ne ke haska bango, kowane faifai idan ya kai ƙarshe ya koma farko, mai kallo kuma ya tsaya gwargwadon haƙurinsa.

Faya-fayan farko guda biyu aro aka yi daga masu fasaha na ƙasashen waje. Na farko ya nuna matan da ke aiki a masana'antun harhaɗa kaya na birnin Huwares a iyakar Meziko da Amurka, irin masana'antun da suka ƙara yawa bayan yarjejeniyar ciniki ta 1994 tsakanin ƙasashen biyu da Kanada. Hannaye kawai kyamarar ta fi nunawa, kuma ban daɗe a gabansa ba. Na biyun ne ya riƙe ni, wato na matan Maroko da ke goyo manyan ƙullin kaya daga Seuta, garin da ke hannun Sifaniya a gaɓar Afirka. An bayyana cewa duk abin da mutum ya iya ɗauka a jikinsa ana lissafa shi a kayan matafiyi, ba a karɓar masa kuɗin fito, saboda haka 'yan kasuwa suka mayar da bayan talakawan mata motar dakonsu, har aka rufe wannan hanya a 2019. Wanda ya taso a Dandi, yankinmu na Kamba, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, domin 'yan fito ne sak, sai dai tufafin da suka bambanta.

Faifai na uku, wanda matasan suka ɗauka da kansu, shi ne dalilin wannan sharhi. Sun raba shi a kan allo uku. A hagu akwatunan ƙarfe ne a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a tsakiya kwale-kwale maƙare da buhuna yana ratsa kogin Kwara, a dama kuma manoma ne cikin fadama suna dashen shinkafa, ruwa ya kai musu ƙauri. Ba a ce komai ba, amma ido yana haɗa ukun da kansa: shinkafar da aka noma a Tailan ko Indiya ta yi tafiyar makonni a teku, ta zo tana gasa da 'yar Hausa a kasuwar da manomin ke kai tasa. Sai kuma wurin da ya fi burge ni, inda aka kafa kyamara waje ɗaya aka bar ta a kan wata tirela da ke jiran a buɗe hanya. Direban ya ɗaura gidan sauro a ƙarƙashinta, yaron motarsa yana fifita gawayi a kurfoti da murfin kwali, an shanya singileti a kan madubi, ciyawa kuma har ta fara tsirowa a gindin taya. Mintuna da dama babu abin da ya motsa sai inuwa. Da farko na ƙosa, daga baya na gane cewa ƙosawar ce ake son na ɗanɗana, kuma ban taɓa ganin rahoton talabijin da ya nuna rufe iyaka yadda wannan ciyawar ta nuna shi ba.

Lokaci-lokaci watanni da shekaru suna bayyana a ƙasan allon ba tare da bayani ba, kuma mu da muka rayu a cikinsu mun gane su. Nuwamba 2015, lokacin da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a nan Birnin Kebbi. Agusta 2019, da aka rufe iyakokin ƙasa. Afrilu 2022, da aka buɗe ta Kamba, fiye da shekara guda bayan an buɗe ta Illela da ta Maigatari. Yuli 2023, da sojoji suka kifar da gwamnatin Bazum a Nijar aka sake rufewa, sai Maris 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Dabarar tana da kyau ga ɗan gida, amma na ga wasu ɗalibai 'yan shekara ashirin suna kallon lambobin kamar farashin kaya, wanda ya nuna layi ɗaya na bayani ba zai rage wa aikin daraja ba.

Babban ƙorafina shi ne an toshe bakin mutanen da aka ɗauka. Akwai wata dattijuwa mai sayar da soyayyen kifi da ta yi magana mai tsawo tana nuna gabas da yamma da matsami a hannunta, alamar akwai abin da ke cinta, amma aka shafe muryarta aka ɗora wani kiɗa mai kama da kukan iska. Haka aka yi wa direban, haka aka yi wa ɗan canji da ke ƙirga sefa a gefe ɗaya, naira a ɗaya gefen. Sakamakon haka kowa ya fito a matsayin abin tausayi wanda jari-hujjar duniya ta taka, alhali lamarin iyaka ya fi haka sarƙaƙiya. Da an bar su sun yi magana, da an ji cewa rufewar da ta karya wani ita ce ta gina wa wani gidan siminti, da an ji labarin samarin da suka bar aji suka hau babur suna tsallake daji da buhu biyu cikin dare, da kuma yawan hannayen da ke miƙowa a kowane shinge. Da an ji yadda dokar Nuwamba 2019, da ta hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ta sa mai noman rani ya riƙa neman jarka ɗaya ta injin ban-ruwa kamar mai neman magani. Ga mutanenmu iyaka masifa ce a wata shekara, gona ce a wata, kuma sun san lissafinta fiye da mai kyamara.

Haka kuma faifan bai taɓo zumunci ba ko kaɗan. Dangin mahaifiyata a Gaya ta Jamhuriyar Nijar suke, kuma layin da Ingila da Faransa suka yi ta jayayya a kansa a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 bai hana biki da ta'aziyya ba. Wanda ya kalli aikin nan zai zaci buhu kaɗai ke tsallakawa.

Game da shirin wurin, rubutun bango da na ƙasan allo duk da Turanci aka yi, ko Hausa babu, balle Dendi ko Zabarmanci. Labulen tagogi bai kai ƙasa ba, hasken rana ya cinye allon hagu har bayan la'asar, sautin faifan Meziko yana kutsawa cikin na Kamba, janareta kuma ya mutu sau biyu. Waɗannan ƙananan abubuwa ne idan aka duba kuɗin shiga da kuma cewa matasan da aljihunsu suka yi hayar majigin.

Kafin na fita na sami wanda ya riƙe kyamarar, na tambaye shi me dattijuwar ta ce. Ya yi ɗan jim, sannan ya ce: "Baba, cewa ta yi duk ranar da aka buɗe hanya cinikinta raguwa yake, domin direbobi ba sa kwana." Ya ce sun cire ne saboda maganar ba ta dace da saƙon aikin ba. Na roƙe shi ya mayar da muryar ko da a wannan wuri kaɗai, ya ce zai shawarci abokansa. Nunin zai ci gaba har Juma'a, kuma na yi niyyar komawa ranar Laraba da maƙwabcina, tsohon direban Kamba zuwa Kwatano, wanda ba ya karanta Turanci.