DFU, UMS ko fastboot? Amsa ga ƙanenmu na Tawa

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shekaranjiya wani ƙanenmu daga Tawa ya ajiye tambaya a nan zauren, na ga kowa ya ambaci abin da ya saba da shi ya wuce. Ga tambayar a taƙaice. Yana haɗa akwatunan da ke lura da fanfunan ruwa masu aiki da hasken rana, kowane akwati da allon BeagleBone Black a ciki, wato ƴar ƙaramar kwamfuta mai allo ɗaya, an kakkafa su wajen Keita, Buza da Illela. Duk sanda ya gyara manhaja sai ya hau babur ya je da kansa, ya kwance akwati, ya sa katin SD. Yana so ya riƙa sabunta eMMC, wato ma'ajiyar da ke manne a jikin allon, ta ƙaramar kafar USB tun daga U-Boot, manhajar da ke tada allon, kafin Linux ya tashi, har ma wani ya iya yi masa idan shi bai je ba. Ya buɗe menuconfig, inda ake zaɓen saitin U-Boot, ya tarar da hanyoyi uku na yin hakan, DFU, UMS da fastboot, ya rasa na ɗauka.

Ƙanena, ni a wurina abin da zai raba maka gardama shi ne hannun da zai riƙe kebul ɗin. In naka ne, a kan teburinka, UMS. In na wani ne da ka aika, kana Tawa shi yana Buza, DFU. Sauri yana zuwa a baya. Zan faɗi dalili, amma bari mu fara da abin da ukun suka haɗa, don a nan mutane suka fi kwana.

A tsarin USB akwai ubangida akwai yaro, kuma yaro ba ya magana sai an tambaye shi. Kwamfutarka ubangida ce, kile USB yaro ne. Abin da kake nema shi ne allonka ya zama yaro na ɗan lokaci. A BeagleBone Black babbar kafa ta ubangida ce, ƙaramar mini-USB ita ce ta yaro. Sai ka kunna CONFIG_USB_GADGET da CONFIG_USB_GADGET_DOWNLOAD, sannan direban da ya dace da guntunka. AM335x na kamfanin Texas Instruments (TI), wanda ke kan allonka, mai sarrafa USB da ake kira MUSB yake ɗauke da shi, don haka CONFIG_USB_MUSB_GADGET. Mai i.MX6 CONFIG_CI_UDC zai nema, mai STM32MP1 kuma CONFIG_USB_GADGET_DWC2_OTG. Bayan haka ka leƙa bishiyar na'urori (device tree), fayil ɗin da ke bayyana kayan da ke kan allo, ka ga an rubuta dr_mode = "peripheral" a kan wannan kafa. In "host" ke wurin, ko me ka kunna a menuconfig kwamfuta ba za ta ga komai ba. Wani abu kuma da ke kama masu AM335x: idan CONFIG_USB_ETHER na kunne, yana iya riƙe kafar tun farko don yin intanet ta USB, kai kuma ka buga umarninka ka ga "g_dnl_register: failed!". Kafa ɗaya ce, aiki ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Buga dm tree ka ga wanda ya zauna a kanta, ka sauke shi da unbind, ko ka kashe shi daga saiti in ba ka buƙatarsa.

Kafin ka zargi saiti kuma, ka zargi kebul. Da yawa daga kebul ɗin da ake sayarwa na caji ne kawai, babu wayoyin D+ da D- masu ɗaukar bayanai. Allo zai kunna fitila lafiya lau, lsusb kuwa, umarnin da ke jera na'urorin USB a kwamfuta, shiru. Nan Yamai ma samun mini-USB mai kyau ya zama aiki, kowa ya koma micro da nau'in C. In ka samu wanda ya yi, saya uku ka ɗaura musu alama.

To, UMS da DFU.

Da UMS, CONFIG_CMD_USB_MASS_STORAGE kawai za ka ƙara, sai ka buga

ums 0 mmc 1

Sifili shi ne lambar kafar USB, ɗaya kuma eMMC, domin a wannan allo katin SD shi ne mmc 0. Nan take eMMC ɗin mai giga 4 zai fito a kwamfuta tamkar ka soka kile. Ba direba, ba wata manhaja, Linux da Windows duk sun san shi. Kana iya raba shi, ka zuba imaj, wato kwafin faifai, gaba ɗaya da umarnin dd, ka buɗe fayil guda ka gyara layi ɗaya, ka kwafe bayanan da akwatin ya tara. Ka gama ka danna Ctrl+C. Don aikin bincike da gwaji babu kamarsa, ni kullum da shi nake aiki.

DFU ba ya nuna wa kwamfuta faifai. Sunaye yake nunawa, waɗanda kai ka rubuta da hannunka a layin dfu_alt_info. Ka kunna CONFIG_CMD_DFU da CONFIG_DFU_MMC, sannan misali:

setenv dfu_alt_info "boot part 1 1;rootfs part 1 2"
dfu 0 mmc 1

A kwamfuta dfu-util -l zai jera boot da rootfs, wato sashen tashi da sashen fayilolin Linux, iyakarsu ke nan. Wanda ka aika zai buga dfu-util -a rootfs -D sabo.ext4, fayil ɗin ya tafi sashe na biyu, babu inda zai kauce. Abin da ba ka sa a jerin ba, ba shi da hanyar taɓa shi. Ka ga bambancin: UMS mabuɗin gida duka ne ka miƙa, DFU kuwa taga ce ka buɗe aka miƙo kaya.

Wannan ba maganar littafi ba ce a wurina. Bara na aiki wani yaron shagona ya sabunta allo a wurin wani mai gona a bakin Kwara, ta UMS, da kwamfuta mai Windows. Windows ba ya karanta ext4, tsarin fayil na Linux, sai ya fito da taga da Faransanci yana cewa sai an yi wa faifan fomata kafin a yi amfani da shi. Yaron ya ga kamar matakin aiki ne, ya danna. Bayanan wata huɗu na ruwan rijiya suka tafi. Ban ga laifinsa ba, ni na ba shi kayan aikin da bai dace da hannunsa ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo saboda mai gonar ya dogara da waɗannan lambobi. A Linux ma haɗarin na nan ta wata fuska: eMMC zai fito da suna irin /dev/sdb, faifan kwamfutarka kuma /dev/sda. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, dd kuma ba ya tambaya. Kada ka taɓa bugawa ba ka duba jerin faya-fayai da lsblk ba, kuma kada ka zare kebul ba ka buga sync don rubutun ya kammala ba.

Inda DFU ke ba da haushi shi ne sauri. Ƙa'idarsa, wadda ƙungiyar USB-IF ta fitar da bugu na 1.1 a 2004, an tsara ta ne don ƙananan na'urori masu ƙaramar manhaja. Komai ta ƙofar sifili yake bi, wato ƙofar da aka tanada don gaisuwa da umarni, ba don lodi ba. U-Boot yana karɓa gutsure-gutsure na bayit 4096, bayan kowane gutsure kwamfuta ta tsaya ta tambaya ko ya shiga. Yi lissafi: giga ɗaya gutsure 262,144 ne, kowanne da tambayarsa. Kafar tana iya megabit 480 a daƙiƙa, amma DFU ba ya ko kusantar hakan. UMS kuwa manyan ƙofofin lodi yake bi, shi ya sa yake gudu. Saboda haka girman imaj ɗinka yana da magana a nan. In Debian cikakke ka zuba, DFU zai sa ɗan aikenka ya gaji da zama. In ka gina ƙaramin tsari da Buildroot ko Yocto, wanda akwatin lura da fanfo ba ya buƙatar fiye da shi, jinkirin ba zai dame ka ba. Ni da zan ba ka shawara ɗaya bayan wannan, rage imaj ɗin ne.

Wurin ajiya ma ya raba su. UMS sai abin da ke da siffar faifai: eMMC, katin SD, SATA. Ba ya aiki da NAND tsirara ko ƙaramin filashin SPI. DFU yana rubutu a duk waɗannan, har cikin RAM, da CONFIG_DFU_NAND, CONFIG_DFU_SF da CONFIG_DFU_RAM. Kai eMMC gare ka, wannan bai shafe ka yau ba, sai ranar da ka canza allo.

Ka kiyaye abu ɗaya a dfu_alt_info. In ka yi amfani da raw don rubuta U-Boot kansa, lambobin da ke biye ba bayit ba ne, tubala ne masu bayit 512. Wato 0x300 tubali 768 ne, kilobayit 384 daga farkon faifai. Wanda ya ɗauke su bayit zai rubuta a inda bai nufa ba. U-Boot na allunan TI yana zuwa da dfu_alt_info_emmc a shirye, buga printenv ka karanta shi ka koyi tsarin. Amma a akwatin da zai tafi ƙauye, ni ba zan sa MLO da u-boot.img, fayilolin U-Boot kansa, a jerin ba sam. In kuran ya ɗauke ana tsakar rubuta rootfs, U-Boot na nan, a sake daga farko. In ya ɗauke ana rubuta U-Boot, wanda zai karɓi gyaran ne ya mutu. Abin daɗi da allonka, yana iya cin wuta daga kebul ɗin USB kansa, don haka in kwamfutar hannu ce mai batir mai kyau, ɗaukewar kuran ba ta shafe ku ba.

Akwai kuma wahalar Windows. UMS ba ya neman komai, DFU kuwa sai an sa masa direban WinUSB, yawanci da ƴar manhajar Zadig, sau ɗaya a kowace kwamfuta. Direban yana bin lambobin CONFIG_USB_GADGET_VENDOR_NUM da CONFIG_USB_GADGET_PRODUCT_NUM ne, to ka tsayar da su wuri ɗaya kada ka riƙa canzawa, in ba haka ba kowane sabon gini sai an sake Zadig. Lambar 0x0451 da za ka tarar ta TI ce. Don gwaji ba matsala, amma ranar da akwatin ya zama haja ta sayarwa sai ka nemi taka.

Fastboot fa? Daga Android ya fito, duk mai gyaran salula ya san shi, kuma wannan kansa riba ce: a kasuwar Tawa za ka samu wanda ya taɓa buga fastboot flash, da wuya ka samu wanda ya taɓa jin dfu-util. Yana tsakanin biyun. Kamar DFU, da suna yake rubutu, ba ya buɗe faifai. Kamar UMS, manyan ƙofofi yake bi, yana da sauri. Kuɗinsa shi ne shiri. Sunayen yawanci daga teburin rabon faifai irin na GPT yake ɗaukarsu, don haka hanyar da aka saba ita ce ka sake raba eMMC ka raɗa wa kowane sashe suna. Kuma yana sauke fayil cikin RAM tukuna kafin ya rubuta, sai ka ba shi wuri da CONFIG_FASTBOOT_BUF_ADDR da CONFIG_FASTBOOT_BUF_SIZE. RAM ɗin allonka mega 512 ne, yana farawa daga 0x80000000, U-Boot kuma yana komawa can ƙarshensa ya zauna, kada wurin da ka ware ya hau kansa. Fayil da ya fi wurin girma, kwamfuta tana yanka shi kashi-kashi ta aika. Sai CONFIG_USB_FUNCTION_FASTBOOT, CONFIG_FASTBOOT_FLASH, ka sa CONFIG_FASTBOOT_FLASH_MMC_DEV ya zama 1, ka buga fastboot usb 0. Da sabon aiki kake farawa da babban imaj, da na ce ka tafi nan kai tsaye. Amma akwatunanka sun riga sun fita da rabonsu na yanzu, sake raba su yana nufin ka zagaya su ɗaya bayan ɗaya, abin da kake gudu ke nan.

Ga yadda zan yi in ni ne. Gini biyu na U-Boot. Na shago yana da ukun duka. Na ƙauye DFU kawai, babu UMS ko kaɗan, domin duk wanda ya samu bakin U-Boot da kebul zai iya kwashe eMMC gaba ɗaya, har da mabuɗan sabarka in suna ciki. Ka sani DFU ma yana bari a karanto abin da ke jerin da dfu-util -U, to sashen bayanai da na sirri kada su shiga jerin. Ɗan aikenka ba zai zo da kebul ɗin siriyal yana buga umarni ba, don haka ka sa maɓalli a jikin akwati, a farkon bootcmd, umarnin da U-Boot ke bi da kansa lokacin tashi, ka duba shi da gpio input: in an danne a shiga dfu, in ba a danne ba Linux ya tashi. Kada ka ari maɓallin S2 na kan allo, yana da nasa aikin. Ka kunna CONFIG_DFU_TIMEOUT ma, ka ba shi daƙiƙu a ƙarshen umarnin, don in an danna bisa kuskure babu kwamfuta, akwatin ya haƙura ya tashi, fanfo bai kwana ba mai lura da shi ba.

Aikin S2 ɗin shi ne ranar da U-Boot na eMMC ya lalace, ranar da DFU, UMS da fastboot duk ba su da amfani tunda a cikinsa suke zaune. Masu i.MX suna da hanyar ceto ta uuu, masu Allwinner suna da ta FEL. Kai naka mai sauƙi ne: a danne S2 lokacin ba da wuta, guntun ya tsallake eMMC ya tashi daga katin SD. Ka haɗa katin ceto guda, ka gwada shi da hannunka, ka manna shi a cikin murfin kowane akwati.

Ka turo mana defconfig ɗinka, wato fayil ɗin saitin U-Boot, da abin da dm tree ya nuna, da girman rootfs ɗin, in duba maka layin dfu_alt_info kafin ka kai shi Keita. Allah ya taimaka.