Gargaɗi: masu tara kuɗi da sunan koya wa yaran Gusau zane

Jama'a, akwai wani saƙo da ke yawo a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook na nan Gusau, ana neman gudummawa don wata cibiya da aka ce tana koya wa yara zane da saƙar faifai da ɗinkin hula. Wai yaran 'yan gudun hijira ne da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu ta wajen Maradun da Zurmi, kuma wai naira 3,000 ta isa a saya wa yaro guda fenti da buroshi da takardar zane. Don Allah kada kowa ya tura ko sisi. Babu wannan cibiya.

Ni malamar firamare ce, na san yadda yaron da ya ga tashin hankali yake samun natsuwa idan aka ba shi alli da takarda. Shi ya sa na tattara ragowar kwali da fensiran kala, na nufi adireshin da suka rubuta a Tudun Wada don in kai da hannuna. Shagon cajin waya na tarar. Mai shagon ya ce bai taɓa ganin yaro ya zo koyon komai a layin ba, mai unguwa ma ya ce bai san da zancen ba. Da na kira lambar, wani ya ɗauka da lallausar murya: "Hajiya, yaran sun tafi hutu, ki tura ta akawun kawai, sadakatul jariya ce, gobe Juma'a za mu rufe." Na ce ya nuna mini wurin ta kiran bidiyo, ya ce sabis ba kyau. Ina tambayar lambar rajistarsu ya toshe layina.

Ku ƙara girman hotunan da ke tare da saƙon ku duba da kyau. A ɗaya daga ciki, rubutun da ke jikin allon bango a bayan yaran da Faransanci ne. Wace makaranta ce a Tudun Wada ake rubuta kwanan wata da Faransanci? Hotunan 'ya'yan wasu ne aka sato. Duk mai babbar waya zai iya sa hoto a Google Lens ya ga wasu wuraren da aka wallafa shi. Sannan akawun ɗin da sunan mutum ɗaya yake, kuma sunan da ke saƙon Facebook daban da na WhatsApp.

Ƙungiyar da ke karɓar kuɗin jama'a da gaske tana yin rajista da hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, kowa kuma na iya neman sunanta a shafin hukumar. Galibi banki ba ya buɗe akawun da sunan ƙungiya sai ya ga takardar rajistarta. Na san akwai bayin Allah da ke koya wa yara zayyanar allo ko dukanci a zauren gidansu ba tare da wata rajista ba, kuma ba su nake nufi ba. Su suna da ƙofa, limamin unguwa ya san su, za ka je ka tarar da yaran zaune a kan tabarma hannuwansu duk tawada. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: gobe irin waɗannan za su nemi taimako a yi musu kallon 'yan 419.

Wanda ya riga ya tura, ya adana rasit da hoton hirar, ya kira bankinsa nan take, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke Sakkwato. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai karɓar kuɗi da ƙarya. Idan wani ya kira ya ce zai mayar maka da kuɗinka amma sai ka ba shi BVN ko lambobin da banki ya turo maka a waya, ka kashe kiran, su ne suka dawo ta wata ƙofa.

Masu kula da zauruka, ku goge saƙon, ku sanar da waɗanda suka riga suka tura wa 'yan uwansu.