Shagon Tsofaffin Littattafai a Samaru

A kan titin Sakkwato, daura da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, akwai wani ɗan shago na tsofaffin littattafai wanda na daɗe ina ziyarta, musamman saboda kantarsa ta labaran masu binciken laifuka masu zaman kansu, waɗanda yawancinsu gwanjo ne daga Ingila da Amurka. Mai shagon ya san hajarsa sarai, kuma yakan ware littattafan bisa jigo, abin da ba kasafai ake samu ba.

A nan na sayi wani labari mai yagaggen bango, wanda jaruminsa ke bin sawun wani saurayi da ya ɓace, alhali shi kansa yana ɓoye wa mahaifiyarsa cewa zuciyarsa tana wajen abokin aikinsa namiji, ita kuwa kullum zancenta aure da jikoki. Nauyin burin iyaye a kan ɗa abu ne da kowane Bazazzagi ya sani, shi ya sa littafin ya taɓa ni ƙwarai.

Farashin akwai rangwame, sai dai gara ta ci wasu shafuka, don haka a duba littafi sosai kafin a biya.