Kwana Bakwai a Jirgin Katako: Wasiƙa ga Yaya a Fagge

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kun wuni lafiya. Yaya jikin Hajiya, yaya yara, yaya kasuwa? Saƙonka ya iso tun Talata, dilolin mutanen Kwari ne suka taru mana a Laleli, unguwar 'yan kasuwa a nan Istanbul, sai yau na samu zama. Ka ce ka ga hotona a kan ruwa, kana tambaya ko irin ƙaton jirgin nan ne mai hawa-hawa da ake nunawa a talabijin, kuma ko sana'a ce da za ta yiwu a madatsar ruwan Tiga.

Ba irinsa ba ne. Waɗancan wasunsu sukan kwashi mutum sama da 5,000, unguwa guda ke nan a kan teku. Wanda na shiga Turkawa suna ce masa gulet, jirgin katako mai dogayen sanduna biyu, irin wanda masassaƙan Bodrum, wani gari a bakin tekun Turkiyya, suka yi suna wajen ƙerawa. Namu ɗaki 8 gare shi, fasinja mu 14, ma'aikata 3: kyaftin, kuku, da wani yaro mai ɗaure igiya da wanke-wanke. Yawon kansa suna kiransa shuɗiyar tafiya. Asalinsa wani marubucinsu ne, Jevat Shakir, da gwamnati ta kai shi zaman talala Bodrum a 1925. Garin ya shiga ransa, daga baya ya riƙa ɗaukar abokansa a jiragen masunta suna bin lungunan teku. Horon da aka yi wa mutum ɗaya, ga shi yau dubbai suna cin abinci da shi.

Daga Istanbul na hau jirgin sama zuwa Dalaman, awa ɗaya da 'yan mintuna, sai mota zuwa Fetiye, garin bakin teku da jirgin yake tashi. Asabar ake shiga, Asabar ake sauka. Tun a bakin tsani yaron ya miƙo min kwando in zuba takalmi, kamar za ka shiga ɗakin Hajiya, kuma ban sake sa shi a cikin jirgin ba har muka dawo. Babu mai kayan sarki, babu wanda ya ce sai ka ci ado kafin ka ci abinci. Teburi ɗaya ne dogo a bayan jirgi, kowa a nan yake zama. Kafin kwana biyu kuku ya san sukari nawa nake zubawa a shayi, kyaftin kuma yana kirana da sunana, duk da yana karya shi.

Abin da ya fi tsaya min a rai, Yaya, takarda ce. Kafin in biya ko kwabo sun turo min a rubuce abin da kuɗina ya ƙunsa: ɗaki, abinci sau uku, shayin la'asar, man jirgi, kuɗin tasha. A ƙasa kuma abin da bai ƙunsa ba: lemo, ruwan gora, kuɗin shiga wuraren tarihi, tukwicin ma'aikata. Har awannin da za a kunna janareta don esi sun faɗa, suka ce da dare za a kashe saboda ƙara. Da na karanta sai na ji ƙyashi, na ce waɗannan ba su da kara. Amma haka aka yi, ba ƙari ba ragi. Sai na tuna bikin ƙanwarmu, da muka kama wuri aka ce mana har da wuta, ana tsakiyar kamu aka zo neman kuɗin dizal. Mu a baki ba mu iya cewa babu, sai ranar ta zo babun ta bayyana da kanta. Kada ka ɗauka ina cewa Turkawa waliyyai ne. Masu tasi a Istanbul sun sha zagaya gari da ni don mita ta hau. Amma waɗannan masu jirgin sun san baƙon da ya ji daɗi shi zai turo musu na baɗi.

Lemon ma da kanka za ka buɗe firji ka ɗauka, ka ja layi a littafi gaban sunanka, a yi lissafi ranar sauka. Littafin bashin mai shagon layinmu ke nan, sai dai a nan mai cin bashin ne yake riƙe da biro.

Ɗakin kuwa kada in yi maka ƙarya, shagonka na farko da ke ƙarƙashin bene ya fi shi fili. Gado, 'yar taga, banɗaki da in ka miƙa hannu za ka taɓa bango biyu. Ruwan wanka daga tanki yake, ana roƙonka ka yi tattali, abin da Bakano ba sai an koya masa ba. Yawancinmu a doron jirgi muka riƙa kwana, kan katifun shan iska, kamar lokacin zafi a soron gida. Ƙyallen iskar da ya ƙawata hoton talla kuwa sau ɗaya aka ɗaga shi, shi ma don a ɗauki hoto. Inji ne ya yi duk aikin.

Abinci halal ne, a nan hankalina kwance. Sai dai karin kumallo: zaitun, farin cuku, tumatir, kokwamba, zuma, ƙwai da burodi. A wajenmu ai wannan kayan haɗi ne, ana jiran a ɗora tukunya. Kwana bakwai ina mafarkin koko da ƙosai. Kifinsu kam na sara masa, gasasshe da lemon tsami, amma babu yaji ko na magani. Yajin ƙulin da Hajiya ta aiko shi ya cece ni. Wani dattijo Bajamushe ya roƙa, na gargaɗe shi, ya barbaɗa cokali guda, ya yi hawaye har da majina, washegari kuma ya dawo da farantinsa.

Talla ma ta biyo mu. Muna tsaye a wani lungu kusa da Gojek sai ga ƙaramin kwalekwale, wata tsohuwa a zaune da kasko tana murza wata waina mai faɗi da cuku a ciki, mijinta yana tuƙi. Bayansu ga mai askirim. Kwanar Dangora sak, farashin ma irin na matafiyi.

Sallah ta so ta rikita ni ranar farko. Mun saba alƙibla gabas ce, har gabas ɗin muke cewa. A can kudu maso gabas take. Kyaftin ne ya nuna min da kamfas ɗinsa. Da yake sukan saki anka ta gaba, su ɗaure bayan jirgi da igiya a jikin dutse, ba ya juyawa, sai ka yi sallarka a natse. Na yi kasaru, na kuma yi alwala da ruwan teku, ina tuna karatunmu na zaure cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal. Amma ka sani: ana sayar da giya a jirgin, kuma Turawa da kayan wanka suke wuni. In da iyali za ka zo, ku haɗu gida biyu ko uku ku yi shatar jirgin gaba ɗaya, ku gindaya sharuɗɗanku tun a takarda.

Mun wuce ta Kekova, inda girgizar ƙasa ta nutsar da wani tsohon gari. Kana kallon matakala da harsashin gidaje a ƙarƙashin ruwa, amma an hana iyo a wurin. A garin Kash kuma ga tsibirin Girka, Meyis, kamar ka miƙa hannu. Turawan suka hau jirgin fito suka je suka sha kofi suka dawo. Ni da koren fasfo na zauna ina tsaron takalma.

To batun Tiga. Ruwa dai muna da shi tun 1974, ga Challawa, ga kifi, ga mutanen Kano da suke neman inda za su kai iyali ranar hutu. Ba sai da ɗakin kwana ba. Jirgi mai rumfa, tabarmi, gasasshen kifi da shayi, a fita da hantsi a dawo kafin magariba, ina ganin za a samu masu biya. Abin da nake jin tsoro daban ne. Kafin mu tashi daga Fetiye sai da aka nuna wa kowa rigarsa ta kariya daga nutsewa, aka kai sunayenmu ofishin tasha. Ƙazantar banɗaki ma ba a zubarwa a teku, akwai wurin da ake tsotse ta a rubuta. Rana ta uku iska ta taso, kyaftin ya fasa kai mu wani kwari da kowa ya ƙwallafa rai a kai. Aka yi ta magiya, ya ce a'a, ya ci gaba da shan shayinsa. Ka tuna Bagwai a 2021, yaran Islamiyyar nan da jirgi ya kife da su a ruwan Watari suna hanyar Mauludi, Allah Ya jiƙansu. In jirginka na mutum 14 ne, ranar sallah surukinka ya zo da mutum na 15 yana cewa don Allah yaro ne, a cinya za a riƙe shi, wa zai hana shi hawa? Kai na san ba za ka iya haɗa ido da shi ba. Ka fara nemo wanda zai iya, sannan mu yi maganar kuɗin inji.

Dilolinka biyu sun tashi ranar Alhamis, lambar tana WhatsApp. In mai zuwa ya samu, a sako min kilishi da yaji, a ninka yajin, don Bajamushen nan ya karɓi adireshina. A gaida Hajiya, a ce ina neman addu'a.

Ƙaninka, daga Istanbul.