Jan ƙarfe ko tutiya don sassaƙa hoton fuskarka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko jan ƙarfe ko tutiya za ka saya don sassaƙa hoton fuskarka da za a shafa wa tawada a buga a takarda. Tunda da kurfi, wato ɗan ƙarfen sassaƙa mai tsini, za ka yanka ba da ruwan asid ba, farantin jan ƙarfe za ka saya.

Hoton fuskata na farko a kansa na yi shi, cikin hunturu, madubi jingine da taga. Kurfin in ya ji washi shiga yake salin-alin, wani siririn zaren ƙarfe na naɗewa a bakinsa. Kuma ba hannu ake karkatawa ba, farantin ake juyawa bisa matashin fata mai cike da yashi, shi ya sa layin kumatu ke fita a lanƙwashe ba gargada. Mako uku na yi a kansa. Madubi yana juya fuska, bugu ya sake juyo ta, don haka abin da ya fito a takarda shi ne yadda mutane ke ganina. Mahaifiyata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wannan goshin babana ne. Har yau ina bugawa da farantin, siraran layukan gefen ido ba su dushe ba.

Ai jan ƙarfen ne Stanley William Hayter, mai zane ɗan Ingila, ya riƙe lokacin da ya farfaɗo da sana'ar sassaƙa da kurfi, bayan an daɗe ana kallonta a matsayin aikin kwafar zanen wasu. A 1927 ya buɗe ɗakin aikinsa a Faris, wanda ya shahara da sunan Atelier 17, ya koma da shi Amurka a 1940. A can Mauricio Lasansky, mai zane ɗan Ajantina, ya yi aiki da shi, kafin ya yi ta sassaƙa hotunan kansa. Ka neme su ka ga inda layi ɗaya ke iya kaiwa.

Tutiya kam ta fi araha, wannan na yarda. Na taɓa saya sau ɗaya, layin ya fito da kaushi, injin matsi ya cinye shi da wuri.

Ka yi hattara da masu sayarwa. Wasu ƙarfen banza ne suke shafa wa ruwan jan ƙarfe a sama. Tafi da maganaɗisu: in ya manne, ajiye musu kayansu. Ka kuma karkata farantin a rana ka duba, duk wani karce da ka gani sai ya riƙe tawada ya fito maka a fuska. Ɗauki ƙarami mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.6, canjin da ya rage ka sayi dutsen washi mai kyau.